Keken Baba a Bahar Rum: Ire-iren Mutanen Jirgin Shaƙatawa

Jirgin ruwan shaƙatawa na wannan zamani gari ne sukutum da aka ɗora a kan ruwa. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara ɗaukar fasinja daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, hawa 20 gare shi, yana kuma iya kwasar fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350. A cikin irin waɗannan jirage akwai gidajen abinci, da kantuna, da wuraren ninƙaya, da asibiti, har da ɗakin da ake ajiye wanda ya sha ya yi tatil ya nemi rigima.

Iyalan da ke da nakasasshe suna son wannan tafiya saboda sau ɗaya ake kwance kaya. A kwana a Italiya a wayi gari a Malta, gado bai canja ba, banɗaki bai canja ba. Doka ma ta yi nata ƙoƙarin. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Spector da kamfanin Norwegian Cruise Line, ta ce dokar kare nakasassu ta 1990 ta hau kan jiragen da ke aiki a ruwan Amurka ko da tutar wata ƙasa suke ɗauke da ita. Tarayyar Turai kuma ta kafa ƙa'idarta a 2010, wadda ta hana a ƙi sayar wa mutum tikiti ko a ƙara masa kuɗi don nakasarsa. Injiniyoyi sun faɗaɗa ƙofa, alƙalai sun yanke hukunci, saura halin ɗan Adam, shi kuwa ba a gyara shi a ma'aikatar ƙera jirage.

Mu ɗauki wani gida na Hausawa mazauna Ingila. Baba ya fi shekara goma a kan keken guragu tun wani hatsarin mota. Ƙafa ta ƙi, amma kai da baki suna nan garau. 'Ya'ya suka haɗa kuɗi za a zaga da shi daga Civitavecchia, tashar da ke hidimar birnin Rum, zuwa Napoli, da Malta, da Santorini, da Atina. Ga mutanen da keken nasa ya tono.

Uwar fayil

Kowane gida da tasa, kuma yawanci babbar 'ya ce. Tun shekara guda kafin tafiya ta kama ɗaki, domin ɗakunan da aka tanadar wa masu keke 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, su ake fara wawashewa. Ta auna faɗin keken Baba da tef ɗin tela, ta rubuta wa kamfani tana neman faɗin ƙofa, da aka ce mata santimita 81 sai ta ce a aiko da hoto. Ta san ƙa'idar Turai ta ce a sanar da buƙatar taimako awa 48 kafin tafiya, don haka ta sanar da wata shida, ta sake sanarwa da wata uku, ranar jajibiri kuma ta buga waya ta ji ko sun sami saƙon da ta tura na tabbatar da saƙon farko.

Fayil ɗinta launi-launi ne: ja na magunguna, kore na inshora, shuɗi na tashoshin da za a tsaya. A jakarta akwai famfon taya, da sifana, da kayan faci. Ƙannenta suna kiranta Kwamanda a bayan idonta. Ranar da taya ta sace a kan daɓen duwatsun Napoli, su ne suka jeru suna cewa, "Yaya, Allah ya saka da alheri." Ba ta tanka ba, ta buɗe fayil ta sa alama kawai, domin facin ma yana cikin jadawali. Aibinta ɗaya ne. Ta tsara wa Baba barcin rana daga ƙarfe biyu zuwa uku da kwata, ba ta taɓa tambayarsa ko yana jin barci ba.

Direba

Surukin gida ne, mijin 'ya ta biyu. Kunya ta hana shi zaman hira da Baba, sai ya gano cewa bayan keke ne wuri ɗaya tak a duniya da mutum zai yi wa surukinsa hidima yini guda ba su haɗa ido ba. Ya kama mariƙin keken tun daga tasha, bai sake ba sai lokacin salla.

Ƙofofin da ke fita farfajiyar jirgi suna da ɗan tudun ƙarfe a ƙasa don hana ruwa shigowa. Wanda ya san aiki yakan danna baya ya ɗaga ƙananan tayoyin gaba, ya haye a hankali. Direba kuwa ya yi imani ƙarin gudu maganin kowane tudu ne. Keke ya tsaya cak, Baba bai tsaya ba, Allah dai ya sa yana riƙe da hannun kujera.

"Baba, sannu, wallahi ban gani ba."

"Ni na gani, ai ni ne a gaba."

Sai maganar birki. A tudu in ka manta ba ka danna birki ba, keke yana nan inda ka bar shi. A teku daɓen da kansa yake karkata. Direba ya tsaya ɗaukar hoton faɗuwar rana, ya waiwayo ya tarar Baba ya yi nisa, yana gangarawa sannu a hankali zuwa teburin wasu Jamusawa, har ya fara ɗaga musu hannu da ya ga ziyarar ta zama dole. A cikin lifta kuma kullum bango yake fuskantar da shi. Kafin a isa Malta Baba ya haddace sunan kamfanin da ya ƙera liftar da nauyin da take ɗauka.

Mai tambaya ta saman kai

Ana samunsa cikin masu kawo abinci, da jami'an tasha, da fasinjoji. Idonsa ba ya sauka ƙasa da kafaɗar mai tsayuwa. Ya zo teburi ya dubi Hajiya, matar Baba, ya ce, "Zai sha shayi? Ana sa masa sukari?" Alhali ga Baba nan tsakaninsu, mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi, wanda ya riga ya gano kuskure a takardar kuɗin da aka turo ɗaki jiya. Baba ba ya fushi. Yakan juya ya ce, "Hajiya, gaya masa ya gaya miki ki gaya mini wane irin shayi gare su."

Wannan yana da ƙani, shi ne mai ɗaga murya, wanda ya ɗauka kunnen mutum a gwiwarsa yake. Ya sunkuyo ya rarraba magana gaɓa-gaɓa da ƙarfin da za a ji a hawa na gaba: yana jin daɗin tafiya? Maganinsa a wurin Baba shi ne raɗa. Ya amsa ƙasa-ƙasa yadda sai mutumin ya ce "na'am?" sau uku, sannan Baba ya dubi Hajiya cikin tausayi ya ce, "Bawan Allah, ashe kunne ke damunsa."

Sarakunan lifta

Ga mai ƙafa, lifta gata ce. Ga mai keke a jirgi mai hawa goma sha wani abu, ita ce hanya, babu wata. Masu jirage sun yi tanadin ranar tashin hankali. A daren 13 ga Janairun 2012 Costa Concordia ta daki dutse kusa da tsibirin Giglio, 'yan sa'o'i bayan ta bar wannan tasha ta Civitavecchia, mutum 32 suka rasa rayukansu. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'ida: dole a nuna wa kowane fasinja wurin taruwarsa kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. In aka ji jiniya bakwai gajeru da ɗaya doguwa ba a shiga lifta, akwai ma'aikatan da aka ware su zo su ɗauki irin su Baba. Wato ranar masifa an san yadda za a yi da shi. Ranar da ake zaune lafiya ce babu tsari.

Ƙarfe bakwai na yamma, lokacin cin abinci, ƙofa ta buɗe. Mutum goma sha biyu ne a ciki, lafiyayyu, kuma a daidai wannan daƙiƙa kowannensu ya sami saƙon gaggawa a waya ko ya gano wani abin sha'awa a silin. Akwai ɗaya da kayan motsa jiki, hawa ɗaya tak zai je, wurin da zai yi rabin awa a kan injin da ke kwaikwayon hawan matakala. Wani mai kirki a cikinsu ya ce, "Ayya, ta cika, wata na nan tafe." Ta tafe ɗin kuwa ta iso da 'yan'uwansu.

Tsofaffin hannu sun san dabara: in kana son hawa sama, shiga mai sauka, ka bi ta har ƙasa ku dawo tare. Da wannan dabara Baba ya riƙa ziyartar hawan ƙasa, inda asibitin jirgi yake, har ma'aikatan jinya suka fara gaishe shi da suna.

Mai hawaye

Tsohuwar Baturiya ce, mutuniyar kirki, babu mugunta ko ƙwayar zarra a ranta. Ta hango Baba da safe yana shafa bota a burodi, sai ta dafe ƙirji, ido ya kawo ruwa. Ta taso ta ce masa ya ƙarfafa mata gwiwa, ganinsa ya sa ta daina kukan ciwon bayanta, shi jarumi ne. Kafin a ankara ta shafa masa hula, abin da ko jikokinsa sai sun shirya gudu suke yi.

Da ta tafi Baba ya ce, "Hajiya, me na yi?"

"Ka shafa bota, Alhaji."

"To miƙo ƙwan nan in fasa, mu ga ko za ta suma."

Likita marar takarda

Shi kafin ya tambayi sunanka ya tambayi abin da ya same ka. Yana da ɗan'uwa, kullum akwai ɗan'uwa, wanda likitoci suka cire rai da shi amma ya miƙe bayan ya sa awarwaron maganaɗisu, ko ya daina cin alkama, ko ya dinga wanka da ruwan ƙanƙara. Na gida ma ba a bar su a baya ba. Intanet ɗin jirgi tsada gare shi, amma saƙon murya na minti tara ya ratso teku daga wurin Gwaggo: tunda Allah ya kai ku tsakiyar ruwa, a zura guga a ɗebo, a shafa masa a ƙafa sau bakwai kafin rana ta fito.

Baba ya gaji da ba da labarin hatsarin mota ga mutanen da bai sani ba, sai ya shiga yi wa kowa sabo. Wani ya ji kifi ne ya kama shi. Wani ya ji daga kan raƙumi ya faɗo. Wani kuma aka ce masa maganar tana hannun gwamnati, ba a yarda ya faɗa ba. Kafin mako ya ƙare an ji wasu mutum biyu a bakin wurin ninƙaya suna gardama mai zafi, kowa yana rantsuwa daga bakin mai ita ya ji.

Ɗan sandan nakasa da ɓarawon ɗaki

Ɗan sanda ba wanda ya ɗauke shi aiki, sa-kai yake yi. Bai san cewa da yawa cikin masu hawa keke suna iya miƙewa su taka biyu ko uku ba, domin wani zuciya ce, wani huhu, wani gaɓoɓi, doguwar tafiya ce kawai ta gagare su. Ya ga wata mata ta tashi daga kekenta ta ɗauko faranti, sai ya zunguri matarsa: "Kin gani ko? Na faɗa miki." Akwai kuma masu lalurar da ido ba ya gani, waɗanda wasunsu kan rataya koren zare mai zanen furen sunflower a wuya, alamar da aka fara amfani da ita a filin jirgin sama na Gatwick a 2016. Ɗan sanda ya ɗauka katin wata ƙungiya ne ta masu shan lemo kyauta, har ya je ya tambayi inda ake yankar nasa.

Ɓarawo kuwa ya ji labarin cewa ɗakin masu keke ya fi sauran faɗi, banɗakinsa fili guda. Da aka ba shi takardar cikawa sai ya tuna wani targaɗe da ya yi a filin ƙwallo shekara ashirin da suka wuce. Yanzu kujerar wanka ta zama ma'ajiyar sabulu, ƙarfen dafawa ya zama igiyar shanya, da dare kuma shi ke buɗe filin rawa. A wani gari can akwai iyalin da aka ce musu ɗaki ya ƙare, suka fasa tafiya. Ɗan sanda bai taɓa kama ɓarawo ba, domin ɓarawo ba shi da keken da zai tashi daga kai.

Mai babur

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ke kan taya waliyyi ne. Akwai dattijon da ya hayo babur mai batir, irin na tsofaffi, ya kuma gano a shekara saba'in da ɗoriya cewa ashe tsere ne baiwarsa. A wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka idon sawun jama'a ya ji jiki. In zai yi baya babur ɗin ya yi ta ƙara, shi kuwa ba ya waiwaye, yana ganin ai an yi gargaɗi. Ƙa'ida ta ce a kwana da babur a cikin ɗaki, saboda lungun da ke tsakanin ɗakuna hanyar tsira ce. Shi a lungu yake ajiye nasa, kuma mutum ɗaya da ba zai iya raɓawa ya wuce ba shi ne Baba.

Duk da haka sun zama aminai. Sukan haɗu da hantsi su yi ta hirar taya, da batir, da wace ƙofa ce mai nauyi, da wane banɗaki ne aka yi wa ƙofa mai buɗewa ciki. A jirgin gaba ɗaya shi kaɗai ne bai taɓa ce wa Baba "sannu" ba, Baba kuwa ya ce wannan ya isa a yafe masa lungu.

Malamin alƙibla

Ƙanin Hajiya ne, yara suna ce masa Kawu, Baba kuma yana ce masa Liman, tunda akwai wasa tsakaninsu. Ya zo da kamfas, bai san cewa a cikin gidan ƙarfe allurar kamfas rawa take yi ba. Ya koma ga waya, ita ma ta nuna gabas uku cikin minti ɗaya. Daga baya wani jika ya nuna masa tashar talabijin ta ɗaki mai nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Daga ruwan Italiya da Girka alƙibla tana kudu maso gabas, don haka lissafi ya fita. Ya shimfiɗa darduma, ya tayar da kabbara, kyaftin ya karya kwana.

Malamai sun daɗe da warware hukuncin salla a jirgin ruwa, Kawu ma ya san haka. Abin da yake so shi ne a kai wa kyaftin saƙo ya riƙe sitiyari tsawon raka'a biyu, tunda ƙasaru ake yi, ba wani dogon lokaci ba ne. Sai ga rikicin agogo: Girka tana gaban Italiya da Malta da awa ɗaya, Kawu ya kwana da agogo biyu a hannu yana zargin kowanne. Ya tsare mai dafa abinci da tambayar wa ya yanka, da me, yana fuskantar ina, har ya ƙare a kan kifi safe da yamma.

Baba kuwa a zaune yake sallarsa. In jirgi ya juya, ya ɗan murza taya ɗaya ya daidaita. Da suka sallame ya ce, "Liman, ka nemi keke, za ka huta."

Sarkin "ba nisa"

Autan gida ne, ɗan shekara ashirin da biyar mai ƙafar barewa. Duk abin da aka tambaye shi, ba nisa, 'yar matakala ce kawai. Tashoshin farko sun ɗaure masa gindi. A Pompeii, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, an buɗe hanyar masu keke mai tsawon fiye da kilomita uku a 2016, Baba ya zaga ya ga gidajen burodin mutanen da. A Valletta ta Malta akwai liftar Barrakka mai tsayin mita 58, wadda aka buɗe a 2012, tana ɗauko mutum daga bakin ruwa zuwa cikin gari. Ko dutsen Acropolis da ke jiransu a Atina an sa masa sabuwar lifta a ƙarshen 2020. Auta ya ce ai kun gani, duniya ta gyaru.

Sai aka zo Santorini. Can manyan jirage ba sa raɓar tudu, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Ƙaramin yana sama yana ƙasa da igiyar ruwa, sai mutum ya auna ya taka ya tsallaka, kuma ma'aikata ke da ikon cewa wane ba zai iya ba. In an tsallaka, garin Fira yana can bisa gaɓa mai tsayin fiye da mita 200. Ko ka bi layin akwatunan da ke hawa a kan waya, ko ka taka matakala kusan 600, ko ka hau jaki.

Auta ya ce a ɗora Baba a jaki. Uwar fayil ta buɗe shafin shuɗi ta karanto cewa tun 2018 hukumomin Girka suka hana a ɗora wa jakunan nauyin da ya wuce kilo 100. Baba ya ce, "Ni kaɗai, ko ni da keken?" Daga nan ya ce su tafi, shi zai zauna.

Aka yi ta anya-anya, aka tafi. Jirgi ya zama na Baba. Duk liftar da ya taɓa, ta zo babu kowa. Masu kawo abinci uku a kansa shi kaɗai. An sauke shi cikin ruwan ninƙaya da kujerar da aka kafa don haka, ya yi wanka babu mai kallo, babu mai hawaye. Da la'asar iyali suka dawo a galabaice, sun sha layi a rana, Auta yana ɗingishi, takalmin Direba yana ba da labarin jakuna.

"Baba, mun yi ta tausayinku, mun bar ku ku kaɗai."

"Allah ya ba da lada. Gobe ma in akwai wani dutsen, kada ku fasa saboda ni."

'Yan rakiya

A mafi yawan tashoshi mai keke da masu rakiyarsa ba sa bin dogon layi. Wannan ne lokacin da zumunci ke ƙarfi. Waɗanda tun safe ba a gan su ba sai ga su, kowa ya ɗora hannu a wani sashe na keken. Har wani baƙo aka taɓa samu a tsakiyar ayari, ɗauke da ledar Hajiya, yana murmushin ɗan gida. Da an wuce ƙofa taro ya watse.

Su ne kuma masu rataya. Jakar hannu, da ledar tsaraba, da gorar ruwa, da rigar sanyi, duk a mariƙin keke, har ya koma amalanken ɗan dako ranar kasuwa. Nauyi in ya yi yawa a baya, tayoyin gaba tashi suke yi. Baba ya ce shi ba ya ƙi, amma a fara biya kafin a ɗora.

Mai gyaran ɗaki

Mutumin Filifin ne, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi ba duniya ma'aikatan jiragen ruwa. Kwangilarsu takan kai wata shida zuwa tara, aiki kullum babu ranar hutu, 'ya'ya suna girma a allon waya. Ranar farko ya ƙwanƙwasa, ya gaida kowa, sannan ya dubi Baba, shi Baban, ya ce, "Yallaɓai, yaya kake son a shirya ɗakin?" Baba ya ce a fitar da ƙaramin teburin nan, a matsar da gado taku ɗaya, a sauko da tawul inda hannu zai kai. Minti biyar aka gama, kuma ba a sake maimaita masa ba har ƙarshen tafiya. Bai kira Baba jarumi ba, bai tambayi abin da ya same shi ba. Ya dai san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hajiya

Kowa ya gamu da ita sai ya ce, "Yaya jikin Alhaji?" Nata jikin, da ya shekara goma yana ɗagawa da kwantarwa, ba mai tambaya. Kwanakin farko ba ta iya zama ba. An gyara gado ta sake gyarawa, an kawo miya ta ɗanɗana ta ce da an ƙara daddawa. Sai wata rana bayan azahar aka neme ta aka rasa. Uwar fayil har ta fara neman shafin ɓatan mutum, aka same ta a inuwa a kan doguwar kujera, ta lulluɓe da mayafi tana sharar barci. Auta zai tashe ta, Baba ya tare shi da keke ya ce duk wanda ya tashe ta zai san tayar nan tana da nauyi. A ranar yaran suka gane dalilin da ya sa mutumin da ba ya son ruwa ya yarda da tafiyar tun farko.

Baba da kansa

Shi ma iri ne, kuma ba ƙaramin ɗan duniya ba. In hira ta gundure shi sai ya ce baya ya gaji, a mai da shi ɗaki, rabin awa kuma a gan shi wurin mai babur suna ƙyaƙyata dariya. In Hajiya ta hana shi zaƙi, ya san hawan da ake ba da askirim da lokacin da take salla. Yakan yi fushi in an taimake shi bai nema ba, ya kuma yi fushi in ya nema da ido ba a gane ba.

Daren ƙarshe, bayan an ci abinci, malanta ta motsa. Ya zaro biro ya juya takardar jerin abinci ya ce zai ba da maki, kuma tambaya ɗaya ce a jarrabawar: wa ya tambaye ni kafin ya yi mini? Mai gyaran ɗaki ya ci goma bisa goma, aka kuma ninka masa tukuici. Uwar fayil ta ci bakwai, ta ce za ta ɗaukaka ƙara a rubuce. Kawu ya ci biyar, da sharaɗin ya bar kyaftin ya yi aikinsa. Auta aka ce ya dawo da iyayensa. Hajiya ta ce ita ba ta zauna jarrabawar kowa ba, Baba ya ce dama ita ce mai sa hannu a sakamako.

Saura Direba, yana can ƙarshen teburi kansa a sunkuye. Baba ya daɗe yana juya biro.

"Kai ka ci huɗu. Biyu na ƙarfi, biyu na kyakkyawar niyya."

"Na gode, Baba."

"Ka je ka koyi birki. Baɗi akwai gyaran jarrabawa, kuma an ce mini tekun Norway ya fi wannan karkata."